Yadda Kuroton Ya Shiga Falo

Masu sayar da furanni a bakin titunan Abuja da Kaduna da Kano sukan jera wani tsiro mai kaurin ganye, ja da rawaya da kore duk a reshe guda, wanda ake kira kuroton, masana kuma su ce Codiaeum variegatum. Mai saye yakan kai shi kusurwar falo, tunda an ce masa tsiron ɗaki ne. Kafin 'yan watanni sabon toho ya fito kore shar, ganyen ƙasa ya fara zuba. A ganina, laifin yana ga wannan suna na tsiron ɗaki, kuma tarihi ya nuna inda sunan ya samo tushe.

Asalin kuroton tsibiran Indunisiya ne da Maleshiya da arewacin Ostireliya da tsibiran yammacin tekun Fasifik. Na daji kore ne. Mutanen tsibiran ne suka riƙa zaɓar masu launi suna dasawa a ƙofar gida da kan iyakar gona da gefen kaburbura, suna kuma yin ado da ganyen wajen bukukuwa, duk a sarari, ƙarƙashin rana da ruwan sama. A haka Rumphius, masanin tsirrai da ya yi wa kamfanin cinikin Holan aiki a tsibirin Ambon, ya same shi ya bayyana shi a littafinsa Herbarium Amboinense, wanda aka fara bugawa a 1741, bayan rasuwarsa a 1702. Ruwan da ke sauka a Ambon ya haura milimita 3,000 a shekara, iskar wurin kuma cike take da laima. Abin da jikin tsiron ya saba da shi ke nan.

Kai irin wannan tsiro Turai da ransa ya daɗe yana gagara, domin feshin ruwan gishiri da ƙarancin ruwan daɗi suna kashe tsirrai a jirgin ruwa. Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura a 1829 cewa tsiro yana rayuwa a cikin rufaffen gilashi, saboda danshin da ya tashi yana komawa ƙasa. A 1833 ya aika akwatunan gilashi cike da tsirrai zuwa Sidni ta Ostireliya, suka isa lafiya. Ingila ta soke harajin gilashi a 1845, aka kammala babban gidan gilashi na lambun Kew da ke Landan a 1848, sannan John Gould Veitch, ɗan gidan fitattun masu cinikin tsirrai, ya zaga Ostireliya da tsibiran Fasifik daga 1864 zuwa 1866 ya dawo da ire-iren kuroton. Amma a duba inda attajiran Ingila suka ajiye shi: gidan gilashi mai shan haske ta sama da gefe, ana ɗumama shi da bututun ruwan zafi da wutar kwal, ma'aikatan lambu suna yayyafa ruwa. Ambon suka gina a ƙasarsu da kuɗi mai yawa. Falo kuwa baƙunta yake zuwa, a ƙawata teburin liyafa da shi a mayar, domin hayaƙin kwal da fitilun gas suna halaka shi. An sa shi ƙarƙashin rufi ne don sanyin Ingila zai kashe shi a waje, daga nan sunan ya bi shi har ƙasashen da ba su san ƙanƙara ba.

Wani zai ce ai ga shi nan a ofisoshi da otal-otal yana raye. Gaskiya ne, kuma an fitar da ire-ire irin su Petra masu ɗan jure ƙarancin haske. Sai dai idan haske ya yi kaɗan, ganye yakan ƙara sinadarin kulorofil don ya sami abinci, koren ya rinjayi ja da rawaya. Tsiron da aka saya don launinsa, in launin ya tafi, an yi asarar kuɗin ko da bai mutu ba. Wani kuma zai ce tunda ɗan ƙasar zafi ne, a fitar da shi tsakar gida a huta. Nan ma da gyara. Zafin Ambon mai laima ne, namu na bazara busasshe ne, ga iskar hunturu da ke tsotse ruwan ganye cikin 'yan kwanaki. Ranar azahar a watan Afrilu tana ƙona shi.

Wurin da ya dace da shi a ƙasar Hausa baranda ce ko gindin taga mai kallon gabas, inda zai sha hantsi ya fake da rana ta take. Tukunyar ta kasance da huda a ƙasa, a ba shi ruwa sosai duk lokacin da saman ƙasar ya bushe, kada a bar saiwar cikin taɓo, a kuma riƙa goge ƙurar ganyen da hunturu. Kuroton ɗan uwan rogo ne da zurma, ruwan jikinsa yana sa ƙaiƙayi, don haka a nisanta shi da yara. Masu sayarwa ya kamata su riƙa faɗa wa mai saye wannan tun kafin ya biya.