Lako-lakon sukuru da tarihin masana'antun Kano

A cikin injin sassaƙa ƙarfe akwai dogon sukuru da ke tura teburi gaba da baya. Idan ya tsufa, sai a juya shi baya ya ɗan zagaya kafin teburin ya motsa. Wannan giɓi shi ne lako-lako, kuma shi ke sa ramin da aka nufa da'ira ya fito a karkace.

Matsalar ta daɗe. Tun wajen 1800 da Henry Maudslay ya inganta injin yanka sukuru a Ingila, masu sana'ar ke kauce mata ta hanyar tunkarar awo daga ɓangare guda kullum. Bayan an nuna injin da lissafi ke sarrafawa a jami'ar MIT ta Amurka a 1952, dabarar hannu ta daina wadatarwa. Sai aka rungumi sukuru mai ƙwallayen ƙarfe da ke gangarawa tsakaninsa da noti, ana matse su don toshe giɓin.

Kano ta gina masana'antunta da injinan waje: Bompai da ke Nasarawa tun zamanin mulkin mallaka, daga baya Sharaɗa da Challawa. Gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin ƙera injina a Osogbo a 1980 tare da HMT na Indiya, amma ƙasar ba ta daina shigo da kayan gyara masu tsananin daidaito ba. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin SAP na 1986, sabon sukuru ya yi tsada, ga ƙurar hunturu tana cakuɗa da giris tana cin ƙarfe. Masana'antu da dama sun rufe. Waɗanda suka rage suka dogara da gyara.

Gyaran yana da matakai. Ana fara auna giɓin da agogon awo, a duba boris ɗin ƙarshen sukurun, domin sau da yawa laifin nasa ne. Sannan a ƙara matse noti mai biyu, ko a sa ƙwallaye da suka ɗan fi girma, ko a shigar da adadin giɓin cikin kwamfutar injin.

Sai dai kowace dabara tana da iyaka. Sukuru ya fi cinyewa a tsakiya, inda aiki ya fi yawa. Idan aka matse shi daidai da tsakiyar, sai ya cije a gefe. A nan jinkirta sauyi ya ƙare, mai masana'anta ya zaɓa: kuɗin sabon sukuru, ko asarar kayan da abokin ciniki zai mayar.