Tarihin Cinikin Roba: Daga Dajin Amazon Zuwa Ɗakin Gwaji

Roba ta asali farin ruwa ne mai kama da madara, wanda ke tsattsafowa idan an tsaga ɓawon itacen da masana ke kira Hevea brasiliensis. Asalin itacen daga dajin Amazon yake, a Kudancin Amurka, kuma tun kafin zuwan Turawa mutanen yankin ke daskarar da ruwansa suna yin ƙwallo da takalma.

Da farko robar ba ta karɓu a masana'antu ba, domin zafi na sa ta yi danƙo, sanyi kuma ya sandarar da ita. A 1839 Charles Goodyear, ɗan Amurka, ya gano cewa dafa ta da farar wuta na maganin wannan aibi. Da John Dunlop ya fito da tayar keke mai iska a 1888, sannan motoci suka biyo baya, sai kasuwa ta buɗe. Birnin Manaus na Brazil ya bunƙasa da kuɗin roba. A Kongo kuwa, ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, an tilasta wa jama'a tatso ta daga daji, ana karkashe waɗanda suka gaza cika mudun da aka ɗora musu ko a yanke musu hannu.

Brazil ba ta daɗe tana cin kasuwar ita kaɗai ba. A 1876 Henry Wickham ya kai iri kusan 70,000 lambun Kew da ke Ingila, daga nan aka tura dashe zuwa Silon da Malaya. Gonakin Asiya suka karya farashin robar daji. Yunƙurin Henry Ford na kafa gandu a Amazon daga 1928 ya ci tura, musamman saboda cutar ganye. A Afirka ta Yamma, kamfanin Firestone ya buɗe gandu a Laberiya a 1926, a Najeriya kuma noman ya kafu a yankunan Edo da Delta.

Lokacin da Japan ta mamaye Malaya a 1942, Amurka ta duƙufa wajen haɗa roba daga man fetur. Sai dai robar haɗi ba ta kai ta itace juriyar zafi da nauyi ba, shi ya sa tayoyin jirgin sama da na manyan motoci ke dogaro da ta asali.

Wannan dogaro ga itace guda ne ya sa masana neman wata hanya. A 2008 kamfanonin Goodyear da Genencor suka fara aikin sauya halittar bakteriya domin ta riƙa mayar da sukari sinadarin isoprene, wato tubalin da ake gina roba da shi. An yi tayar gwaji da shi, amma sa ƙwayoyin su ƙulla doguwar sarƙar sinadarin yadda itace ke yi ya ci gaba da zama abu mai wuya. Har yau daga gonaki robar asali ke fitowa, Tailan ce kan gaba a duniya, Kwaddibuwa kuma a Afirka.