Daga ajiya zuwa asurans: tarihin tambayar wa ke ɗaukar hasarar kayan ado

0. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu bi sawun tambaya guda: idan kayan ado masu tsada suka ɓata, ko sarƙar zinariya ce ko awarwaron azurfa, wa ke ɗaukar hasara, kuma wa ya kamata ya kawo hujja? Tambayar ta girmi kamfanonin asurans da ƙarnoni da dama. Abin da za mu nuna shi ne, fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Katsina da Gobir da Damagaram suka yi hukunci da shi, yakan ɗora nauyin hujja bisa wanda kaya ke hannunsa, alhali asurans na zamani, wanda ya iso mana ta hanyar dokar Faransa, ya maido da nauyin bisa mai kaya. Wanda bai lura da wannan juyi ba yana iya biyan kuɗi shekara da shekaru, ran da aka yi masa sata ya tashi a tutar babu.

1. Abin da kalmomi suka adana

Sunayen ƙarafan biyu baƙi ne a Hausa. Kalmar « zinariya » tana komawa ga dinari na Larabci, wato sunan tsabar kuɗi, « azurfa » kuwa daga harshen Abzinawa ta zo. Tun daga suna ke nan, ado da kuɗi suna tafe tare. Miskali, wanda nauyinsa ya ɗara giram 4 da kaɗan, shi ne ma'aunin zinariya a kasuwannin Sudan ta Tsakiya, kuma maƙeran farfaru sun daɗe suna narkar da tsabar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda ake bugawa da shekarar 1780, su ƙera munduwa da zobba.

Ga mace Bahaushiya kayan ado dukiya ce tata ta kanta, wadda miji ba ya da iko a kanta. Ana sa su ran biki, ana sayar da su ko a jinginar da su ran da gida ya shiga matsi. Ɓatansu daidai yake da fashewar asusu.

Kalmomin da suka shafi tsare su iri biyu ne. « Ajiya », « aro » da « jingina » Hausa ce tsantsa. « Amana » da « lamuni » daga Larabci suke. Ita « lamuni » tushenta ɗaya da kalmar da malaman fiƙihu ke amfani da ita wajen ɗaukar nauyin biya; wani harafin Larabci ne ya koma « l », kamar yadda ya faru a « alƙali », « alwala » da « larura ». Daga baya aka samu « asurans » daga Faransanci a Nijar, da « inshora » daga Ingilishi a Najeriya.

2. Hukuncin Malikiyya: abin da ake iya ɓoyewa

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, yana cikin littattafan da ɗaliban ilmi ke fara karantawa a zaurukanmu. A babin ciniki da abin da ke biye da shi, mazhabar ta raba dukiya gida biyu: wadda ake iya ɓoyewa, kamar kayan ado da tufafi, da wadda ba a iya ɓoyewa, kamar gida ko dabba. A kan wannan rabo aka gina hukunce-hukunce huɗu.

Na farko, ajiya. Wanda aka ba ajiya amintacce ne. In ya ce kaya sun ɓata ana karɓar maganarsa, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Dalili kuwa, don amfanin mai kaya ya riƙe su.

Na biyu, aro. Matar da ta ari ƴan kunne don zuwa biki, in suka ɓata ita za ta biya, sai fa in ta kawo shaidun cewa sun halaka ba da laifinta ba.

Na uku, jingina. Mai bashin da ya riƙe sarƙa a matsayin jingina shi ke lamuninta, bisa wannan sharaɗi na shaidu. Da raƙumi aka jinginar masa ya mutu, ba ya biya.

Na huɗu, masu sana'a. Maƙerin da ya karɓi zinariya don ya ƙera ko ya gyara, ya tafi da ita maƙerarsa, yana lamuninta, ko da lada yake aikin ko kyauta.

Hikimar a fili take. Abu ƙarami mai tsada yana da sauƙin ɓoyewa a ce ya ɓata, saboda haka tuhuma na bin wanda ke riƙe da shi don amfanin kansa. Sai dai tsarin yana da giɓi babba: in kayan na hannun mai su ɓarawo ya haura, ko gobara ta tashi, babu wanda za a bi. Nan sai jaje da gudummawar dangi.

3. Landan: yadda sata ta zama abin lamuni

Wannan giɓi ne asurans ya zo cikewa, amma bai fara da kayan ado ba. A Turai ya fara da jiragen ruwa, a biranen Italiya na ƙarni na 14. Bayan gobarar Landan ta 1666 aka kafa kamfanonin lamunin gobara. Kasuwar Lloyd's, wadda ta samo asali daga wani shagon shan gahawa wajen 1688, ta yi kusan shekara 200 harkarta ta teku ce.

A ƙarshen shekarun 1880 ne wani mai lamuni na Lloyd's, Cuthbert Heath (1859-1939), ya fara karɓar lamunin fasa gida. Daga nan ya fito da wasu takardu biyu da har yanzu ake aiki da irinsu: ɗaya ta masu sayar da lu'ulu'u da zinariya, mai bin hajarsu ko tana shago ko tana hanya, ɗaya kuma ta masu kayan ado, mai ɗaukar kowace irin hasara, har da faɗuwar zobe a hanya, ban da abin da aka cire da suna.

Matsalar da malaman Ƙairawan suka hango ita ce ta tari kamfanonin Landan: yaya za a san abin da aka ce ya ɓata ya ɓata da gaske? Amma yanzu wanda kaya ke hannunsa shi ne mai su, shi ne kuma mai neman biya. Tuhuma ta koma kansa. Dole ya tabbatar da abu uku: cewa ya mallaki kayan, cewa ƙimarsu kaza ce, da cewa sun ɓata ta hanyar da takarda ta ambata.

4. Daga dokar 1930 zuwa kundin CIMA

A ƙasashen da Faransa ta mallaka, dokar 13 ga Yuli 1930 ce ta tsara yarjejeniyar asurans, kuma ta ci gaba da aiki bayan samun ƴancin kai a 1960. A 1962 aka kafa wata hukumar haɗin gwiwa ta sa ido, CICA. A ranar 10 ga Yuli 1992 aka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar da ta haifi CIMA, mai mazauni a Libarbil, tare da Nijar cikin masu sa hannu. Kundin dokokinta ya fara aiki a ranar 15 ga Fabrairu 1995.

Ayoyi huɗu na kundin sun shafi mai kayan ado kai tsaye. Aya ta 31 ta ce biya ba ya wuce ƙimar abin a lokacin da ya ɓata, wato asurans ba hanyar cin riba ba ce. Aya ta 35 ta ce in ƙimar kaya a ranar hasara ta zarce adadin da aka rubuta, ana ɗaukar mai kaya a matsayin wanda ya lamunci kansa a kan ragowar, sai in an yi wani sharaɗi daban. Aya ta 12 ta ba da awa 48 kacal don sanar da kamfani in sata ce. Aya ta 13, bayan gyaran 2011, ta ce lamuni ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa.

Ban da ayoyin doka, akwai sharuɗɗan da takardu irin na Faransa suka saba ɗauka. Asurans na gida gaba ɗaya yakan sa wa kayan ado iyakar da biya ba ya wucewa. Yakan nemi alamar fasa ƙofa ko ta ƙarfi kafin a kira abu sata. Yakan cire satar da wani na cikin iyali ya yi. Waɗannan sharuɗɗa an yanka su ne daidai da gidan Bature mai mutum uku ko huɗu da ƙofa guda a kulle. A gidan gandu na Maraɗi ko Tawa, inda zaure ke buɗe tun safe, ana shiga ana fita, ana aron sarƙa tsakanin ƴan'uwa da maƙwabta, yawancin hanyoyin da kaya ke ɓata suna wajen takardar. Ƙari a kan haka, da Faransanci ake rubuta ta, mai zinariyar kuwa sau da yawa ba ta karanta shi.

5. Batun ƙima

Ko an yarda an yi sata, saura tambayar nawa za a biya. Farashin zinariya ba ya zama wuri ɗaya. Har zuwa 1971 farashin hukuma dalar Amurka 35 ne kowace oza, wato giram 31 da ɗan ɗori. A Janairun 1980 ya kai 850, a 1999 ya sauko ƙasa da 300, a 2011 ya kai wajen 1.900, a 2020 ya haye 2.000, a 2025 ya haye 4.000. A ɓangarenmu kuma, karya darajar sefa ta Janairun 1994 ta maida faran ɗaya na Faransa daga sefa 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin zinariya a dare ɗaya.

Bari mu ɗauki misali don a ga aikin aya ta 35. A ce an rubuta kayan wata mata a kan sefa miliyan 2. Shekaru suka wuce ba a sake duba takarda ba, ƙimarsu ta kai miliyan 4. Ɓarawo ya kwashi rabi, wato na miliyan 2. Tun da rabin ƙima kaɗai aka lamunta, rabin hasara za a biya: miliyan 1.

Saboda haka aka samu hanya biyu ta rubuta ƙima. A ta farko mai kaya ne ke faɗin adadi, kamfani ya rubuta ba tare da dubawa ba, ran hasara kuma mai kaya ya kawo hujja. A ta biyu, wadda takardu ke kira « valeur agréée », masani ne ke auna kayan tun farko, ya rubuta nauyi da karat da siffa, ɓangarorin biyu su amince. In gardama ta taso daga baya, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ƙimar ba haka take ba. Wannan hanya ta fi tsada, amma ita ce ke sauke wa mai kaya wani sashe na nauyin da ya hau kansa. Tana da muhimmanci musamman ga zinariyar gado da ta lefe, da wadda alhazai ke sayowa a Makka ko Dubai, domin ba kasafai ake adana takardar sayensu ba.

6. Matsayin malamai da takaful

Tun farkon haɗuwarsu da asurans malaman Musulunci suka yi tababa. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya tattauna lamunin jiragen ruwa da fataken Turai ke yi, bai halatta wa Musulmi karɓar irin wannan biya ba in a ƙasar Musulunci aka ƙulla yarjejeniyar. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa asurans na kasuwanci ya ƙunshi garari mai yawa, wato ciniki a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, ta kuma halatta na taimakon juna. Kafin nan, a 1979, an riga an kafa kamfanin farko mai bin wannan tsari a Sudan. A tsarin takaful, abin da mutane ke zubawa gudummawa ce cikin asusu na tarayya, kamfani kuwa wakili ne mai kula da shi. Najeriya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, CIMA ta fitar da nata a 2019.

Takaful ya amsa tambayar halacci, kuma ya yi kusa da abin da muka sani na adashe da gudummawa. Amma bai taɓa batun hujja ba. Mai kula da asusun jama'a shi ma zai nemi shaidar mallaka da ta ƙima da ta sata, don kada ya ci amanar sauran masu zubi.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, zaɓen asurans na kayan ado ya tattaru a kan tambayoyin da ya kamata a yi kafin sa hannu. Wace irin hasara takardar ta ɗauka: fasa gida kaɗai, ko har da ƙwace a hanya da faɗuwa a wurin biki? Mene ne hukuncin kayan da aka ba da aro, da waɗanda ke wurin maƙeri? Wa takardar ke kira ɗan gida? Wace iyaka aka sa wa biya? An amince da ƙima tun farko, kuma bayan shekara nawa ake sake aunawa? Mai ƴan kayan da ba sa fita daga ɗaki yana iya wadatuwa da asurans na gida in iyakarsa ta kai. Mai zinariyar da ke yawo tsakanin bukukuwa yana bukatar takarda ta musamman. Ko wanne aka zaɓa, hoto da takardar awo daga maƙeri da shaidu biyu su ne jarin ranar hasara.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe. Tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, fassara waɗannan takardu ta zama abin da ake iya nema. Muna ganin bai kamata a fara da ƙirƙirar sababbin kalmomi ba alhali ajiya, aro, jingina, lamuni da sakaci suna nan da ma'anoninsu na shari'a. Sai dai mai fassara ya yi hattara: wanda ya ji « lamuni » zai ɗauka kamfani ne zai kawo hujja, kamar yadda maƙeri ke kawowa gaban alƙali. Fassarar da ba ta gaya masa cewa nauyin na kansa ba, ta bar shi cikin duhun da Faransancin ya bar shi.