Ɗanyar Madara da Dafaffiya: Labarin Awakin Malta

Kwanan baya wata tsohuwa ta zo ɗakin magani a nan Mabai, ba ciwo ya kawo ta ba, ƙorafi ne. 'Yarta tana aure a Jidda, ta aiko wai maigidan ya hana yara shan madarar raƙumi wadda ake tatsa a bakin hanya, sai ta kwali, ita kuwa ta kwali salam take. Tsohuwa ta ce, "Malam, mu da muka girma da nonon ruga, me ya same mu?" Na ce, "Iya, zauna in ba ki labari." Shi zan ba ku yau, gama da yawanku kuna da 'yan'uwa a Makka, ko Kumasi, ko Ingila.

Akwai wani tsibiri a Bahar Rum, sunansa Malta. A zamanin da Ingila ke mulkinsa, wani zazzaɓi ya addabi sojojinta a can. Mutum ya kwana yana zufa, gaɓoɓi suna ciwo, ya ji sauƙi kwana kaɗan, sa'an nan abin ya komo. Haka zai yi ta yi wata da watanni har ya rame. Aka zargi iska, aka zargi ruwa. A 1887 wani likitan soja, Dabid Burus, ya ga ƙwayar cutar a saifar waɗanda suka mutu, amma bai gane ta inda take shiga jiki ba.

Sai a 1905 wani likita ɗan ƙasar, Zammit, ya gwada jinin awaki, ya tarar da yawansu suna ɗauke da ita, tana kuma fita cikin nononsu. To, ku lura da wannan. A Malta har ƙofar gida ake koro awakin, a tatsa a gaban mai saye. Ba algus, ba kwana, akuya kuma ga ta lafiya lau a ido. Duk da haka cutar tana ciki. A 1906 aka hana sojoji shan madarar, zazzaɓin kuwa ya ja da baya ƙwarai a barikinsu.

Wannan cuta tana nan cikin shanunmu da tumaki da awaki. Ita ce Fulani ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. In ta kama mutum, yawanci a ce zazzaɓin sauro ne, a yi ta shan magani a banza. Maganinta na gaskiya sai an yi mako 6 ana sha. Har wa yau akwai tarin fuka na shanu, wanda kan bi ta madara ya fito wa yaro da kaluluwa a wuya, ko ya kama hanjinsa. Saboda haka da Iya ta ce me ya same su, na ce ta ƙirga tsararrakinta da aka binne suna ƙanana, ba wanda ya san dalili. Ta yi shiru.

Rigakafin kuwa wuta ce. Wani masani na Faransa, Luwi Fastur, shi ya nuna wajen 1864 cewa zafi madaidaici yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata abin sha. Shi don ruwan inabi ya yi, daga baya aka juya dabarar kan madara. A 1893 wani attajiri, Natan Sitaraus, ya fara buɗe rumfunan ba jariran talakawa irin wannan madara a Niyok ta Amurka, a 1908 kuma birnin Shikago ya kafa doka a kanta. Ƙa'idar ita ce zafi digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, sa'an nan a sanyaya maza. Abin da ke gina jiki da ƙashi yana nan bai tafi ba. Ɗanɗano ne ke ɗan sauyawa, wannan kam ban musa wa 'yar Iya ba.

Kada ku ce abin Turawa ne. Matan Fulani da yawa in za su yi kindirmo sai sun dafa madarar tukuna, ta huce, su zuba ɗan ragowar na jiya, su rufe ƙwarya ta kwana. Wannan daidai ne. Inda nake jin tsoro shi ne nonon da aka bari ya yi tsami ba a ɗora shi a wuta ba. Tsami yana rage ƙwayoyin, amma ba ya ƙare su. In kun je Ƙanƙara ko Sheme za ku sha fura, ku tambayi mai nono ko ta dafa. Ba rashin kunya ba ne.

Ga na ƙasashen waje kuma, ku aika musu da wannan. A Saudiyya bakkale na nan cikin raƙuma da awaki, ga kuma wata cutar numfashi da aka gano a can a 2012, wadda ke da nasaba da raƙuma. Su sayi madarar da aka rubuta an dafa. Akwai wadda tilas ta zauna cikin firji, akwai mai daɗewa a kwali, amma ita ma da an buɗe sai sanyi. In an ba su ɗanya kyauta, su tafasa ta. Mai ciki, da yaro, da tsoho, su ne ba su da ƙarfin jurewa. Jariri kuwa har wata 6 nonon uwarsa kaɗai.

A gida ba mu da ma'aunin zafi, ba kuwa lalle ne ba. Ku tace madarar, ku zuba a tukunya mai tsabta, kuna motsawa kada ta kama, har ta taso. Ku sauke, ku rufe saboda ƙuda, kada ku mai da ita cikin ƙwaryar da aka yi tatsa sai an wanke da ruwan zafi. Wanda kuma zazzaɓi ke tafiya yana komo masa fiye da mako biyu, ya zo ɗakin magani, ya faɗa mana in yana shan ɗanya, ko ya taɓa ɓarin dabba da hannu.