Tarihin Tafintan Na'ura da Furosesan Waƙafi

Ko da yake mafi yawan jama'a, idan an ambaci kwamfuta, hankalinsu kan tafi ga allon da suke gani da madannin da suke taɓawa, haƙiƙanin aikin yana cikin wani ɗan ƙanƙanen abu da ake kira furosesa, wanda ba ya jin kowane harshe sai jerin sifiri da ɗaya, kuma kowane irinsa da nasa ƙa'idojin umarni. Saboda haka tun farkon wannan fanni aka buƙaci wata manhaja mai suna kwamfaila, wadda take tsayawa tsakanin mutum da na'ura kamar yadda tafinta yake tsayawa gaban alƙali, ta karɓi abin da marubuci ya tsara da harshen da hankali ke iya bi, ta mayar da shi umarnin da furosesa zai zartar ba tare da ƙari ko ragi ba.

Magabatan wannan sana'a sun sha wahala ƙwarai. A 1952 Grace Hopper ta yi wani gwaji na farko a Amurka, sa'an nan a 1957 John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka fitar da FORTRAN domin na'urar IBM 704. Amma illar wancan zamani ita ce kowane tafinta na na'ura guda ne, da zarar an ƙera sabuwa sai a koma a faro daga tushe. Maslahar da aka samu ita ce raba aikin gida biyu: sashen gaba mai fahimtar harshen marubuci, da sashen baya mai sanin halin furosesa. A kan wannan ƙa'ida Stephen Johnson na Bell Labs ya gina kwamfailar harshen C mai sauƙin ƙaura a shekarun 1970, kuma a kanta Richard Stallman ya fitar da GCC a watan Maris na 1987, ya mai da ita waƙafi ga duniya, bisa sharaɗin cewa duk wanda ya gyara ya rarraba, lalle ne ya bayyana gyaransa ga kowa.

Sai dai kuma, yayin da tafinta ya zama na kowa, furosesa ya ci gaba da zama mallakar kamfanoni irin su Intel da ARM, ba mai ƙera irinsa sai da izini da biyan kuɗi masu yawa. A shekarar 2000 aka fara OpenRISC, wani furosesa da aka bayyana zanensa kyauta, kuma labarinsa yana da darasi babba, domin kuwa an daɗe da yi masa sashen baya na GCC, amma ba a shigar da shi cikin asalin manhajar ba, saboda ba a samu sahalewar dukan waɗanda suka sa hannu a rubutun ba, har sai da Stafford Horne ya sake rubuta shi tun daga farko, aka fitar da shi cikin GCC 9 a 2019. Ashe a wannan fage ma, ingancin isnadi sharaɗi ne na karɓar aiki.

Wanda ya fi kowa nasara shi ne RISC-V, wanda Krste Asanović da ɗalibansa Andrew Waterman da Yunsup Lee, tare da shehin malami David Patterson, suka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, suka wallafa ƙa'idojinsa a 2011. Duk da martabar wannan jami'a, sai a watan Mayu na 2017 GCC 7.1 ta fito ɗauke da shi, manhajar Linux ta karɓe shi a farkon 2018, wata kwamfaila mai suna LLVM kuwa ta tabbatar da shi a Satumban 2019.

Mai tambayar abin da ya cinye waɗannan shekaru, ya dubi aikin da kyau. Wajibi ne a sanar da kwamfaila cewa RISC-V yana da ma'ajiyoyi 32, kuma ta farko, wato x0, kullum sifiri ce, ko me aka zuba mata; a yi ittifaƙi cewa guda takwas, daga a0 zuwa a7, su ne masu ɗaukar saƙo idan wani sashe na manhaja ya kira wani, domin idan marubuta biyu suka saɓa a nan, aikinsu ba zai taɓa haɗuwa ba; a koya mata cewa babban adadi ba ya shiga umarni guda, sai an raba shi biyu, a ɗora saman da umarnin lui, a cika ƙasan da umarnin addi. Bayan wannan duka sai a bi dubban gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya, ana binciken kowane kuskure da haƙuri irin na mai tashihin littafi, kana a miƙa aikin ga dattawan manhajar, su duba, su mayar, a gyara, a sake miƙawa.

Amfanin wannan juriya ya riga ya bayyana. Cibiyar IIT Madras ta Indiya ta ƙera nata furosesa mai suna SHAKTI bisa waɗannan ƙa'idoji, kuma ƙananan alluna masu araha irin su ESP32-C3 da Raspberry Pi Pico 2 suna ɗauke da RISC-V, ta yadda wanda ya saye su zai tarar tafinta yana nan a shirye.

Wannan tarihi ya shafi Dutsin-Ma kai tsaye, garin da yake da Jami'ar Tarayya tun 2011 da kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ƙera furosesa a masana'anta abu ne na dukiya mai ɗimbin yawa, amma koyar da kwamfaila halin sabon furosesa ba ya neman komai face kwamfuta, da wutar lantarki, da ilmin lissafi, da naci, tun da yake rubutun GCC da na LLVM duk a buɗe suke ga mai son karantawa. Don haka muna kira ga malaman sashen ilmin kwamfuta da su sanya wannan darasi cikin manhajar karatu da ayyukan kammalawa, ɗalibai kuwa, 'yan Dutsin-Ma da Kurfi da kewaye, su fara da karanta ƙa'idojin RISC-V da gyara ƙananan kurakurai, domin da haka ne waɗanda suka riga su suka fara. Allah ya sa mu dace.