Taurarin da Suka Ƙi Tsufa

Taurarin gungu ɗaya, irin Kaza da 'Ya'yanta da ake hangowa daga gaɓar Tafkin Kainji, kusan lokaci guda suka samu, kuma manya masu shuɗin haske ne ke fara mutuwa. Amma a 1953 masanin falaki Allan Sandage ya tarar da shuɗɗan taurari a M3, gungun da ya haura shekara biliyan 11.

Hanyoyi biyu ne ke haifar da su: tauraro ya zuƙe iskar haidurojin daga abokin zagayensa, ko taurari biyu su yi karo su haɗe. Ƙarin nauyin ne ke ƙara zafi, hasken ya koma shuɗi. Saboda haka duk wanda ya ƙiyasta shekarun gungu da irin waɗannan taurari zai ɗauki tsoho a matsayin yaro.