Aikin Lafiya Na Wucin Gadi A Zamfara: Tarihinsa Da Abin Da Ya Kamata Ƙannenmu Su Sani

Duk lokacin da wata ƙungiya ta fitar da tallar ɗaukar ma'aikatan lafiya na wata shida ko shekara ɗaya, sai ka ga ƙannenmu da suka gama kwalejin lafiya ta Tsafe ko makarantar jinya ta Gusau suna ta tura wa juna, kowa na tambaya: in je ko in jira na gwamnati? Kafin a ba su amsa, ya kamata su san cewa wannan salon aiki ya daɗe a ƙasar nan, kuma ya bar darasi.

A Amurka sana'a ce mai zaman kanta. Likitan gashi ko nas zai sa hannu a kwantiragin mako 13, ya yi aiki a wani asibiti, ya tattara ya wuce wata jiha. Can zaɓi ne, don kuɗin ya fi. Mu a nan larura ce ta haifar da shi.

Tun zamanin En'e, iyayenmu sun san masu lamba da ke bin ƙauyuka saboda agana, su kwana gidan hakimi ko na mai gari, gari ya waye su yi gaba. A 1973 gwamnatin Gowon ta kafa bautar ƙasa, daga nan asibitocin karkara da yawa suka dogara da likita ɗan bautar ƙasa, wanda da zarar mutane sun saba da shi sai shekararsa ta cika. Mutanen Tsafe sun fi kowa sanin wannan, tunda sansanin jiha a garinsu yake kafin matsalar tsaro ta sa a mayar da shi Gusau.

Da aka cire Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, an raba ma'aikata, amma ƙwararru ba su ishi ƙananan hukumomi 14 ba. Giɓin nan shi ake ta cikewa da 'yan wucin gadi har yau.

Dubi shirin ungozoma na tarayya da aka fara a ƙarshen 2009. An kwaso sababbin ungozomomi da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya, aka tura su ƙananan asibitocin karkara. A takarda, tarayya za ta biya naira dubu 30 a wata, jiha dubu 20, ƙaramar hukuma dubu 10 da masauki. Shirin ya ceci mata, ba shakka. Amma a wurare da dama a faɗin ƙasar kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa a kan kari ba, masaukin ma sai a hankali, sai ungozomomi suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Darasi na farko kenan: aikin da iyayen gida uku ke biya, ka tambayi wane ne zai biya in sauran sun yi shiru.

Sai 2010, shekarar gubar dalma. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, niƙan dutsen zinari a cikin gida ya hallaka yara sama da 400. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo da nufin agajin gaggawa, amma sai da ta shafe fiye da shekara goma kafin ta miƙa aikin ga gwamnati a 2022. 'Yan jihar nan da suka yi aiki da ita sun koyi abin da babu makarantar da ta koya musu. A 2017 kuma sanƙarau nau'in C ya auka mana, aka sake kwaso ma'aikata na 'yan makonni.

To ga inda gizo ke saƙar. Annoba tana wucewa, mai allura ya tafi, amma tabonta yana nan. Yaron da dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, wanda sanƙarau ya bari da shanyewar ɓarin jiki, magidancin da hawan jini ya kayar, wanda harsashin 'yan bindiga ya karya wa cinya, duk waɗannan gashi suke buƙata, kuma gashi aikin watanni ne, wani lokaci shekaru. Sana'ar kanta ba ta daɗe ba: Turawa biyu ne suka kawo ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinta a 1966. Har yanzu masu ita sun taru ne a birane. Mutumin Bungudu yana kusa da Gusau, zai iya zuwa FMC ko asibitin Yariman Bakura ya koma gida a yini. Na ƙauyukan Tsafe fa? Kowa ya san halin da hanyar Funtuwa take ciki. In likitan gashi ya zo na wata uku ya tafi bai koya wa kowa komai ba, wallahi majinyacin baya zai koma.

Saboda haka ƙanina, ƙanwata, in za ku karɓi irin wannan aiki:

Na ɗaya, lasisi. Mai gashi ya tabbatar rajistarsa da hukumar MRTB tana raye, nas da ungozoma da masu CHEW kowa da tasa hukumar. Kwantiragi na ƙarewa, lasisi ne jarinka.

Na biyu, kada ka fara aiki da alkawarin baki. A rubuta ranar farawa da ta gamawa, albashi, masauki, da wanda zai ɗauki nauyinka in wani abu ya same ka a hanya. Tambayar tsaro ba tsoro ba ce. Mun ga yadda aka rufe layukan waya a Satumban 2021, ma'aikaci na ƙauye ba ya ko iya sanar da gida yana raye.

Na uku, albashin ƙungiya ruwan damina ne. Kada ka ƙaro aure ko ka ci bashin mota a kansa. Kai za ka yi wa kanka tanadi.

Na huɗu, kada ka bar wuri sai da takardar shaidar aiki. Mu da ke ofis mun san ranar tantancewa fayil ake dubawa, ba labari ba.

Na biyar, kafin ka tafi ka koya wa uwar yaro yadda za ta motsa masa gaɓoɓi a gida, ka bar bayanin kowane majinyaci a rubuce don wanda zai gaje ka.

Ita kuma gwamnati, tunda ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a 2024, gyaran gini kaɗai ba zai wadatar ba. 'Ya'yan jihar nan da ƙungiyoyi suka horar suna nan, wasu na zaune, wasu sun fara neman hanyar Saudiyya. A ɗauke su aiki na dindindin, a kai masu gashi manyan asibitocin Tsafe da Bungudu da sauran ƙananan hukumomi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya faɗa wa na baya yadda ta kaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara. Amin.